Manuwal ko otomatik: zaɓen tsohuwar mota mai jan taya huɗu a Sakkwato

Wanda ya fita neman tsohuwar RAV4 ko CR-V ko X-Trail a Sakkwato zai ji magana iri biyu. Dillali zai ce otomatik ba ta kwantai, ranar da ka gaji da ita akwai mai saye. Tsofaffin direbobi kuma su ce manuwal ce motar talaka, ko batir ya yi sanyi a tura ta ta tashi. Kowanne da gaskiyarsa, sai dai lissafin nasu na ƙaramar mota ne mai ja da tayoyin gaba kawai. Mota mai jan taya huɗu tana da ƙarin kaya a ƙarƙashinta: akwatin rarraba ƙarfi da kanikawa ke kira taransfa, da farfela, wato dogon sandan ƙarfen da ke kai ƙarfi baya, da aksul na baya, da kuma abin da ke sulhu tsakanin tayoyin gaba da na baya. Duk waɗannan a jikin giyabos suke rataye, kuma a wasu motocin irin giyar ne yake yanke yadda jan taya huɗun zai yi aiki.

Kafin ma a yi nisa, wasu motocin ba su bar maka zaɓi ba. Highlander da Lexus RX300 da RX330 da Sienna duk otomatik suka fito. RAV4 ta kasuwar Amurka ta daina zuwa da manuwal daga 2006, CR-V ta Amurka kuma daga 2007. In ka ga manuwal a waɗannan shekarun, ko dai 'yar Turai ce, ko kuma an juya ta a nan gida, kuma juyin yana da nasa bayani a ƙasa.

Abin da ke tsakanin gaba da baya

Idan mota tana shan kwana, tayoyin gaba sun fi na baya yin tafiya mai nisa. Da a ce an ɗaure su da ƙarfe guda, motar za ta riƙa tirjewa tana cin taya. Don haka kowane kamfani ya samo dabararsa.

RAV4 ta 2001 zuwa 2005, da RX300, da Highlander ta farko, kullum tayoyi huɗu suke ja. Suna da difaranshal a tsakiya, wato haƙoran da ke raba ƙarfi su bar gaba da baya su yi gudu daban-daban, a RAV4 da RX300 kuma akwai wani gwangwani rufaffe cike da faranta da man silikon mai kauri. In tayoyin gaba suka fara sulɓi, man ya yi zafi ya riƙe farantan, ƙarfi ya tafi baya. Ba a buɗe gwangwanin nan a sake masa mai. Ranar da ya ƙone, sai dai a sa wani.

CR-V ta kafin 2012 daban take. A kan kwalta motar gaba ce zalla. A cikin aksul ɗinta na baya akwai famfo biyu na mai, ɗaya yana bin gudun farfela, ɗaya yana bin gudun tayoyin baya. Sai gaba ya fi baya gudu sannan matsin mai ya damƙe kuloc ɗin da ke ciki, baya ya shigo aiki. Manuwal da otomatik duk haka suke. X-Trail ta farko tana da makunni mai matsayi uku, 2WD da AUTO da LOCK, kuma lantarki ne ke damƙe mata baya. RAV4 daga 2006 ita ma ta koma lantarki, da maɓallin kullewa wanda ke sakin kansa in gudu ya wuce kilomita 40 a awa.

Subaru ba ta da yawa a wannan yanki, amma ita ce ta fi nuna bambancin da muke magana. Forester mai manuwal tana da difaranshal na tsakiya da gwangwanin silikon, tana raba ƙarfi rabi da rabi, ba waya ba kwamfuta. Mai otomatik giya huɗu kuwa gaba ne a haɗe kai tsaye, bayan kuma faiba, wato farantan kuloc na cikin giyar, ne ke kama shi da matsin man giya, ƙarƙashin umarnin wani solanoyid. Wato a wannan motar, in man giya ya lalace, har jan tayoyin baya yana shafa.

Zafin Sakkwato da man otomatik

A nan ne manuwal ta yi wa otomatik fintinkau. Giyabos na manuwal haƙora ne da boris suna wanka cikin mai. Ba ruwansa da lagireto, kuma yana iya shekaru da tsohon mai yana ƙorafi ba tare da ya ajiye ka a hanya ba. Otomatik kuwa man shi ne komai: shi ke ɗaukar ƙarfin inji a cikin kwambata, wato abin da ke tsakanin inji da giya a madadin kuloc, shi ke matse faiba, shi ke sanyaya su. Yana jin daɗin aiki a wajen digiri 80. Ƙa'idar da masu gyaran giya ke bi ita ce, duk ƙarin digiri goma ko sha ɗaya a kan haka yana raba rayuwar man biyu. In ya haura 120 ya fara dahuwa, robobin ciki suna ƙandarewa, faiba suna sulɓi, sulɓin kuma yana ƙara zafi.

To ka ɗora wannan a kan watan Afrilu da Mayu, lokacin da iskar gari kanta ta wuce digiri 40, ga na'urar sanyaya ɗaki a kunne, ga cunkoso a Dandima ko bayan manyan motocin siminti a hanyar Kalambaina, ga mutum bakwai da buhuna a baya. Mota mai jan taya huɗu ta fi takwararta nauyi, kwambata yana shan wahala fiye da kima.

A yawancin waɗannan motoci man giya yana bi ta wani ƙaramin bututu a cikin tankin lagireto, ruwan lagireton ne ke ɗauke masa zafi. Abubuwa uku ke faruwa a nan. Na farko, duk motar da injinta ke zafi, giyarta ma tana dahuwa, ko da allura ba ta kai ja ba. Na biyu, wani a baya ya sa mata lagireton manuwal wanda ba shi da bututun, bakanike ya haɗe tiyo biyun da juna ya ce ba komai. Buɗe bonet ka bi tiyon da ke fitowa daga giyabos da ido, ka ga inda suka shiga. Na uku, bututun yana iya hujewa daga ciki, ruwa ya gauraya da mai. Za ka ga man ya koma kamar madara mai ruwan hoda. In ka ga haka a motar sayarwa, juya ka tafi, domin ruwa yana ɓamɓare faiba daga ƙarfensu.

Maganin zafi mai araha shi ne ƙarin 'yar lagireton man giya a gaban babbar. A jera su ne, man ya fara bi ta cikin lagireton mota sannan ya shiga ƙarin, ya koma giyabos. A yi amfani da tiyon da aka yi don man giya, kada a sa na fetur ko na ruwa, a ɗaure kowane baki da kilif, sannan a ƙara man da sabon layin ya shanye. Lokacin hunturu kuma, ƙura da kaikayi suna toshe fuskar lagireto. A riƙa wanke ta da ruwa marar ƙarfi daga ɓangaren inji zuwa waje.

Akwai otomatik marar haƙora da ake kira CVT, mai bel na ƙarfe, irin na Murano da wasu X-Trail daga 2007. Ita ta fi kowa tsoron zafi, manta na musamman ne, masu gyaranta kaɗan ne. Wanda hanyarsa rairayi ce ya bar ta.

Rairayi, laka da ruwa

A nan kuma labari ya juya. Mutane da yawa suna ɗauka manuwal ce ta daji, amma waɗannan motocin ba su da ƙaramar giyar ja irin ta Hilux ko Land Cruiser, in ban da wasu Forester na Turai masu ƙaramin hannu na biyu. Giya ɗaya tasu ta kwalta ce. A rairayi mai zurfi irin na hanyoyin ƙauyukan Tangaza ko Gudu ko Gada, direban manuwal yana tsakanin abu biyu: in ya saki kuloc duka inji ya mutu, in ya riƙe shi rabi filet ya ƙone. Minti kaɗan na wannan ya isa ka ji wari kamar ana ƙona tsumma. Kuma duk lokacin da ya taka kuloc don sauya giya, rairayi ya riƙe motar cak.

Kwambatan otomatik yana ninka ƙarfin inji kusan sau biyu a tashi, yana ba taya ƙarfin a hankali, kuma sauyin giya ba ya yanke ja. Shi ya sa direba marar gogewa ya fi fita daga rairayi da otomatik. Kuɗin da ake biya shi ne zafi, don haka ga yadda ake yi.

Kafin ka shiga, rage iskar tayoyi huɗun daga wajen 30 zuwa 18 ko 20, duka daidai. Wannan kaɗai ya fi duk wata dabara. Ka tanadi famfon iska, domin gudu a kan kwalta mai zafi da taya mai iska 18 hanyar fashewa ce. In motar tana da LOCK, danna shi tun kana kan ƙasa mai tauri. A otomatik sauke hannu zuwa 2 ko L don kada ta riƙa hawa tana sauka. Akwai bambanci a nan da mutane ba su lura da shi ba: a tsofaffin Honda, lamba 2 tana tashi da giya biyu ta tsaya a nan, a Toyota kuwa lamba 2 tana tashi da giya ɗaya sannan ta hau biyu. A manuwal zaɓi giya biyu tun kafin wurin, ɗauke ƙafa daga kuloc gaba ɗaya, riƙe totur daidai har ka fita.

In ta kafe, daina ba ta wuta. Taya mai juyawa a wuri ɗaya rami take tona wa kanta, gwangwanin silikon kuma yana dahuwa. Sauka ka tone gaban tayoyi, sa kara ko tabarmar ƙafa, gwada komawa baya ta kan sawunka. In za ka yi gaba da baya don ta yi lilo, taka birki tayoyi su tsaya cak kafin ka matsa hannu daga D zuwa R. Jefa ribas taya na juyawa yana karya abin da ba a gyara shi da araha. Bayan ƙoƙari na minti biyu ko uku, sa N ka bar inji yana silo man ya huce.

Da damina, a fadamun Rima ko unguwanni irin Mabera da ruwa ke kwanciya, matsalar ba ta zaɓar giya. Giyabos da taransfa da aksul kowanne yana da ƙaramar kafar shan iska. Ƙarfe mai zafi in ya shiga ruwa mai sanyi, iskar ciki ta tsuke, ya zuƙo ruwa. Duk ranar da ruwa ya wuce tsakiyar taya, a buɗe aksul na baya a duba. In man ya yi fari, a sauya a ranar. Mai manuwal kada ya taka kuloc a tsakiyar ruwa, laka na shiga tsakanin filet da filawil.

To wacce za a ɗauka?

Ra'ayinmu a fili yake. Manuwal tana yafe sakacin mai ita wajen kula, amma ba ta yafe ƙafar direba. Otomatik tana yafe ƙafar direba, ba ta yafe sakaci. In motar za ta riƙa doguwar hanya, Sakkwato zuwa Birnin Kabi ko Gusau ko Illela, da kaya, direba ɗaya ne mai hankali, kuma tana kwana inda bakanike mai na'urar sikanin ke da nisa, manuwal ta fi. Ta ɗan fi tsimin fetur a kan tsohuwar otomatik mai giya huɗu, abin da ya zama magana tun cire tallafi a 2023. In motar gida ce, hannu da yawa, maigida da uwargida da yaron da ke koyo, zirga-zirgar gari da ziyarar ƙauye jefi-jefi, otomatik ta fi, da sharaɗin an san halin da manta ke ciki kuma za a sa mata ƙarin lagireto. Kayan giyabos ɗin otomatik na Toyota da Honda sun fi samuwa a kasuwa, saboda su aka fi shigowa da su. Giyabos na manuwal mai jan huɗu kuwa wani lokaci sai an aika Kano ko Legas.

Amma lafiyayyar mota ta kowane iri ta fi gajiyayyar irin da kake so. Ba girin-girin ba, ta yi mai.

Taya, wadda ba a ɗauka a bakin komai

Abin da ya fi kashe jan taya huɗu a ƙasar nan yana wurin mai faci ne. Taya ta fashe, a sayo 'yar Baljiyam guda ɗaya, kowace lamba aka samu in dai ta hau rim. A motar gaba wannan ba ya wuce jan sitiyari. A mota mai jan huɗu, tayar da ta fi ƙanƙanta tana juyi fiye da sauran, motar kuma ta ɗauka sulɓi ake yi, ta riƙa damƙe baya ba hutu.

Ga lissafi. RAV4 ta 2001 zuwa 2005 ta zo da lamba biyu, 215/70R16 da 235/60R16, duka rim 16. Kewayen ta farko kusan milimita 2,222 ne, ta biyu kusan 2,163. A kilomita ɗaya ta farko za ta juya sau 450, ta biyu sau 462. In ka sa ɗaya a gaba ɗaya a baya, a tafiyar kilomita 100 akwai juyi 1,200 da gwangwanin tsakiya zai haɗiye ya mayar zafi. Subaru ta ce kada bambancin kewayen tayoyinta ya wuce kwatan inci, wato kusan milimita 6. Wancan haɗin ya ninka haka kusan sau goma.

Lamba ɗaya ma ba ta isa ba, domin sabuwar taya da wadda ta cinye ba tsawonsu ɗaya ba, kamfani da kamfani ma suna bambanta. Gwajin ba ya cin kuɗi: daidaita iska, tsayar da motar a shimfiɗaɗɗen fili mai tauri, sa alli a gefen kowace taya daidai inda ta taɓa ƙasa, tura ta a miƙe har taya ɗaya ta yi juyi goma. Duba sauran allunan. In wani ya kauce da fiye da faɗin yatsu uku, tayoyin ba su dace da juna ba. A sayi huɗu tare in da hali, a riƙa juya gaba da baya duk kilomita 8,000 zuwa 10,000. Ƙaramar safaya ta kai ka wurin mai faci ne kawai.

Gwaji kafin a biya kuɗi

Je da safe, ka ce kada a tayar da ita kafin ka iso. Ɗora hannu a kan inji ka tabbatar.

Fara da leƙa ƙarƙashi. Akwai farfela? Motoci da yawa masu rubutun 4WD a baya an cire musu ita tuntuni. A Subaru otomatik duba akwatin fiyus a cikin bonet, akwai gurbi mai rubutun FWD. In da fiyus a ciki, an kashe jan baya ne, kuma galibi don a ɓoye tirjiya. Duba kuma ko mai na tsiyaya tsakanin giyabos da taransfa.

Sai gwajin kwana. Bayan motar ta yi zafi, samu fili mai tauri, murɗa sitiyari har ƙarshe, bar ta ta tafi a hankali kamar tafiyar ƙafa, zagaye uku dama, uku hagu, sannan da ribas. Lafiyayya za ta zagaya sumul. In tana tirjewa kamar an ja birkin hannu, tayoyin baya na tsalle, tsakiya ya kama. A CR-V gurnani daga baya yawanci tsohon man aksul ne, sauyi ɗaya ko biyu yana kashe shi. A RAV4 ta 2001 zuwa 2005 da Subaru manuwal tirjiya na nufin gwangwanin silikon ya tafi. Ƙas-ƙas daga gaba kuwa shaf ne, wannan ƙaramin aiki ne.

In otomatik ce, zaro gejin mai ka goga a farar takarda. Ja ko ja mai duhu ba laifi. Baƙi mai warin ƙuna, ko mai walƙiyar garin ƙarfe, faiba sun ci. Man da ya yi sabo fes a tsohuwar mota shi ma abin tambaya ne. Yadda ake aunawa ya bambanta: Toyota ana aunawa inji na aiki, mai ya yi zafi, hannu a P, Honda kuwa sai an kashe inji, a auna cikin minti ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Taka birki ka sa D daga N. Littafin gyaran Toyota ya ba da ƙasa da daƙiƙa 1.2 kafin ta kama, ribas kuma ƙasa da 1.5. In sai ka ƙirga uku, ko ta kama da duka, akwai magana. Yi tafiyar aƙalla minti talatin, har da hanyar da za ka kai 80 ko 100, domin giyar da ta gaji tana yin lafiya da sanyi, sai ta yi zafi take nuna hali. Kula da allurar inji: in ta yi sama tsakanin giya biyu da uku ba tare da motar ta ƙara gudu ba, sulɓi ne. Fitilar O/D OFF mai ƙiftawa a Toyota, ko D a Honda, ko AT OIL TEMP a Subaru, kwamfuta ce ke cewa ta ajiye laifi. A sa sikana.

RAV4 otomatik ta 2001 zuwa 2003 tana da sanannen ciwo da ya kamata kowa ya sani. Birenbos ɗinta, wato kwamfutar motar, ne ke lalacewa daga ciki, ya riƙa ba solanoyid umarnin banza, motar ta riƙa duka in an sa ribas, ko ta yi kamar an taka birki tsakanin giya biyu da uku. Lambobin da sikana ke nunawa su ne P0750, P0753, P0755, P0758 da P1760. Toyota da kanta ta tsawaita garantin wannan a Amurka. In aka gyara birenbos da wuri, giyar ta tsira. In aka sauya giyabos aka bar birenbos, sabon ma zai bi sahun tsohon, kuma an sha yin wannan asara.

In manuwal ce, gwajin ya fi sauƙi. A giya huɗu, kana gudun 50, taka totur har ƙasa. Allurar inji da gudu su tashi tare. In inji ya yi ihu motar na nan, filet ya ƙare. Kuloc da ba ya kamawa sai ƙafa ta kusa sama shi ma ya kusa. Sauya daga ɗaya zuwa biyu, biyu zuwa uku da ɗan sauri, ka saurari ƙarar haƙora. A giya biyar, ba ta wuta ka saki, ka maimaita, ka ga ko hannun zai fita da kansa. A tsaye a firi, ƙarar da ke zuwa in ka taka kuloc ta rilis boris ce, mai sauƙi. Wadda ke ɓacewa in ka taka kuwa boris ne na cikin giyabos. Feda mai laushi da ke nutsewa, masta ne na sama ko na ƙasa ke yoyo.

Sauya kuloc a mota mai jan huɗu ya fi na motar gaba aiki, domin sai an sauke farfela da shaf, sau da yawa har taransfa. Tunda an buɗe, a sauya filet da dis da rilis boris tare, a duba oyal sil na bayan inji da fuskar filawil. Sauya filet kaɗai biyan kuɗin aiki sau biyu ne.

Wane mai, nawa, yaushe

Kalmar "jan mai" ta kashe giyabos da yawa. Launi ba shi ne iri ba. Toyota na farkon shekarun 2000 suna shan T-IV, na baya WS, kuma an rubuta a jikin geji ko littafin mota. Honda tana shan ATF-Z1, wanda DW-1 ya maye gurbinsa. A zafin nan, a zubar a sake duk kilomita 40,000. Buɗe noti na ƙasa yana fitar da lita 3 zuwa 4 ne kawai daga cikin kusan 8, sauran na cikin kwambata. In man ya tsufa, a sauya sau uku, ana tafiyar 'yan kwanaki a tsakani. Hakan zai sabunta kusan kashi 80 cikin ɗari ba tare da an tayar da dattin da ya kwanta ba. Kada a cika ya wuce alama, yana kumfa.

Manuwal ma ba kowane mai take sha ba. Mai kaurin nan lamba 140 na manyan motoci ne, a ƙaramin giyabos yana sa giya tauri da safe. Honda tana da nata, MTF. X-Trail tana son GL-4, 75W-85. Subaru manuwal kuwa GL-5 take so, 75W-90, lita 3.5, saboda difaranshal na gaba a cikin man yake. A Subaru otomatik difaranshal na gaba yana da nasa mai da nasa geji daban, kuma notocin suna kusa da juna. An sha zubar da ɗaya a cika ɗayan.

Taransfa da aksul na baya su ne marayu, ba mai tuna su. A RAV4 kowanne bai kai lita ɗaya ba, GL-5, don haka ɗan yoyo kaɗan ya isa ya bar shi a bushe. Aksul na CR-V kuwa man Honda na famfo biyu kawai yake sha, kusan lita ɗaya. In aka zuba masa man aksul na gama-gari, famfunan ba za su yi aiki daidai ba. Kullum a fara kwance notin cikawa kafin na zubarwa, kada a zubar sannan a tarar na sama ya ƙi.

Cire farfela, ja da igiya, da juya giya

In boris na tsakiyar farfela ya fara kuka, shawarar da za ka fara ji ita ce a cire ta, wai har fetur za ka samu. A CR-V motar za ta koma ta gaba kawai, ta yi tafiyarta, ka dai yi asarar abin da ka biya kuɗi dominsa. A RAV4 ta 2001 zuwa 2005 da Subaru manuwal kuwa, difaranshal na tsakiya zai tura ƙarfi ga bakin da ba kaya, gwangwanin silikon ne kaɗai zai riƙa riƙe motar, har ranar da ya gaji.

In ta mutu a hanya, a ɗora ta gaba ɗaya a kan mota. Janwen da ke ɗaga tayoyi biyu ya bar biyu a ƙasa yana iya ƙona tsakiya cikin 'yan kilomitoci. Otomatik kuma famfon manta inji ne ke juya shi, in an ja ta da igiya inji a kashe, cikinta na juyawa a bushe. In ba makawa, a kwance farfela in janwe zai ɗaga gaba kawai, in da igiya ne kuwa a yi ja gajere a hankali. Turi ba ya tayar da otomatik. Manuwal tana tashi a giya biyu, amma sai batir na da ɗan abin da zai kunna famfon fetur da kwamfuta.

Juya otomatik zuwa manuwal yana yiwuwa, kuma a motar gaba kanikawanmu sun iya. Ana buƙatar giyabos da filawil da kuloc, da feda, da masta biyu, da hannun giya da wayoyinsa, da shaf, da kujerun giya, da birenbos na manuwal, da gyaran wayar fitilar ribas da ta kik. A mota mai jan huɗu akwai ƙarin sharaɗi guda da ke mayar da aikin gyaran gangar Auzinawa in an manta shi: lissafin haƙoran gaba dole ya dace da na aksul na baya. Forester da yawa masu otomatik suna da 4.44, masu manuwal 4.11. In aka sa giyabos na 4.11 aka bar aksul na 4.44, gaba da baya sun saɓa da kusan kashi 8 cikin ɗari, kusan ninki uku na wancan haɗin tayoyin da muka lissafa. Don haka giyabos da taransfa da aksul su fito daga mota guda. Ko otomatik za a maye da otomatik, a karanta lambar jikin giyabos: a RAV4 ta wancan zamani U140F ce ta jan huɗu, U241E ta gaba ce kawai, ba ta da wurin ɗaura taransfa.